Jirgi Mai Bututu Huɗu

Kai amarya a wurinmu aikin jama'a ne. Ko da katanga ɗaya ce ta raba gidan miji da gidan uba, ba a barin yarinya ta taka ita kaɗai. Gwaggo na dama, inna na hagu, ƙawaye na biye, a lulluɓe ta a kai ta har bakin gado, a damƙa amana, a yi nasiha, sannan a watse a bar ta da kukanta. Kowa kuma ya san kukan nan yana da iyaka, domin gida na nan kusa. Idan ciki ya tsufa za ta dawo wankan gida. Idan zama ya yi tsami za ta yi yaji, a zo biko. Duk wannan tsari ya dogara ne a kan cewa ƙafa tana iya mayar da mace gidan ubanta.

A shekarar 1946 an yi wani kai amarya da duniya ba ta taɓa ganin irinsa ba. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, sojojin Kanada da na Amurka da suka yi shekaru a Ingila sun koma gida, sun bar matan da suka aura a can. Na Kanada sun fara sauka a Birtaniya cikin Disamban 1939, kuma kwana 43 kacal bayan saukarsu aka ɗaura auren farko tsakanin ɗaya daga cikinsu da wata Baturiyar Ingila. Kafin a gama, matan da sojojin Kanada suka aura sun kai kimanin 48,000, da yara kimanin 22,000. Kusan 45,000 daga cikin matan 'yan Birtaniya ne, sai 'yan Holan wajen 1,900, da 'yan Beljiyam da Faransa kaɗan. Waɗanda suka auri Amurkawa daga Birtaniya kaɗai kuwa ana lissafa su wajen 70,000. Galibin waɗannan an tara su an zuba a jiragen ruwa, an haye Tekun Atlantika da su zuwa gidajen surukan da ba su taɓa gani ba. Babu gwaggo, babu inna. Takarda ce ta yi musu rakiya, kuma takardar nan ce jikokinsu suke nema yau.

Ni ma da ƙafar dangi na shiga wannan nema. Babban yarona yana zaune a Kanada, ya auri wata 'yar ƙasar, Allah ya ba su 'ya mace. Na je musu ziyara a tsakiyar hunturu, lokacin da sanyi ba ya barin mutumin Kumasi ya leƙa ko ƙofa, sai aka ba jikata aikin makaranta: ta zana bishiyar zuriyarta, ta faɗi yadda danginta suka zo ƙasar. Ta kawo mini takardar ta ce, "Kaka, kai ne malami, kai za ka yi." Na ce mata, "Amaryata, aikin miji ciyarwa, ba aikin makaranta ba." Duk da haka na karɓa, domin tsohon malamin da ya yi ritaya ba shi da uzurin da yaro zai yarda da shi.

Kakar surukata ta wajen uwa tana cikin amaren nan. Ta rasu tun surukata tana yarinya. Abin da ta bari a gida bai cika tafin hannu ba: hoton aure, ango cikin kakin soja, ita kuma cikin riga mai sauƙi irin ta zamanin da ake sayen yadi da kati, wani ƙaramin littafin girki da gwamnatin Kanada ta buga don koya wa amaren Ingila abincin ƙasar, sai maganganu biyu da suka saura a bakin dangi. Ta farko, wai a jirgin Queen Mary ta zo. Ta biyu, surukata ta ce, "Baba, mahaifiyata takan ce tsohuwa tana yawan faɗin cewa da ta ɗaga kai a tashar jirgi ta ga bututun hayaƙi huɗu, sai gwiwarta ta yi sanyi."

Waɗannan maganganu biyu ba sa zama a tabarma ɗaya. Queen Mary bututu uku gare shi, kuma yana nan har yau a Long Beach ta Kalifoniya, inda aka ɗaure shi tun 1967, mai shakka yana iya ƙirgawa. A 1946 babban jirgin fasinja guda ɗaya ne ya rage a duniya mai bututu huɗu, shi ne Aquitania, wanda ya fara aiki a 1914, ya yi jigilar sojoji a yaƙin farko da na biyu, aka kuma farfasa shi a 1950. Shi ma ya yi jigilar amare daga Southampton zuwa Halifaks. 'Ya'ya sun riƙe sunan da ya fi shahara, domin kowa yana so a ce kakarsa a babban jirgi ta zo, kamar yadda kowane ɗan zango yake so a ce kakansa madugu ne, ba ɗan alaro ba. Ita kuwa tsohuwa ta riƙe abin da idonta ya gani. A ganina, duk mai bin sawun dangi ya kamata ya fi ba da muhimmanci ga irin wannan ƙaramar magana da ba ta da wani amfani ga mai faɗinta. Mutum yana ƙara gishiri a inda zai samu girma. Ba ya ƙara wa jirgi bututu.

Wahalar farko ita ce suna. Mu a al'adarmu ta asali mace ba ta rasa sunan ubanta don ta yi aure. Su kuwa ranar ɗaurin aure sunan gidan uba yake faɗuwa, na miji ya hau. Saboda haka mace ɗaya tana da sunaye biyu a takardu, kuma babu wanda zai haɗa maka su sai takardar aure. Ingila da Wales suna da fihirisar aure ta ƙasa baki ɗaya, an tsara ta wata uku uku, kuma tun daga 1912 ana rubuta sunan gidan abokin aure a gefen kowane suna. Masu aikin sa kai sun kwafe ta sun sa a intanet kyauta a shafin FreeBMD. Da sunan gidan ango da na amarya muka same su a gundumar Brighton, a shekarar 1944. Wannan bai ba ni mamaki ba, domin a kudancin Ingila, a yankunan Sussex da Surrey da Hampshire, aka jibge yawancin sojojin Kanada suna jiran ranar haye wa Turai.

Fihirisa nuni kawai take yi. Sai da muka biya kuɗi aka aiko da kwafin takardar auren kanta. A ciki akwai shekarunta, da adireshin gidan da take zaune, da sunan mahaifinta da sana'arsa, da lambar sojan ango da rundunarsa, da shaidu biyu. Babu sunan mahaifiyarta. Ba mantuwa aka yi ba: takardar aure a Ingila ba ta da gurbin sunan uwa ko kaɗan, sai a watan Mayun 2021 aka gyara dokar. Matar da ta haife ta, ta raine ta cikin shekarun bama-bamai, ta kuma raka ta tashar jirgin ƙasa ranar rabuwa, hukuma ba ta ga dalilin tambayar sunanta ba.

Adireshin nan shi ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya. Ranar 29 ga Satumban 1939, makonni kaɗan bayan ɓarkewar yaƙi, gwamnatin Birtaniya ta ƙidaya kowane farar hula gida gida, domin ba da katin shaida da katin rabon abinci. Daga baya hukumar lafiya ta ƙasa ta ci gaba da amfani da wannan rajista har zuwa 1991, don haka idan mace ta yi aure sai wani akawu ya ja layi a kan tsohon sunanta ya rubuta sabon a sama. A can muka ga gidan gaba ɗaya: uba, uwa da sunanta da ranar haihuwarta, sai ita, yarinya 'yar shekara goma sha biyar, an soke sunan ubanta da alƙalami, an rubuta na Bakanaden nan a kai. Ƙarƙashinta akwai wani layi da aka rufe da baƙin tambari, domin ba a buɗe bayanin wanda bai cika shekara 100 da haihuwa ba sai an tabbatar ya rasu. Surukata ta daɗe tana kallon baƙin layin. Ta ce ƙanwar kakarta ce, wadda aka ce ita ta fi kowa kuka.

Daga nan sai teku. A ma'adanar tarihi ta Birtaniya da ke Kew, a wajen Landan, akwai jerin sunayen fasinjojin da suka bar ƙasar ta ruwa zuwa nesa daga 1890 zuwa 1960, a rukunin takardu mai lamba BT 27. An jera su ne bisa tashar da jirgi ya tashi da kuma wata, wanda ke nufin a da sai ka san jirgin kafin ka sami mutum. Yanzu kamfanoni irin su Findmypast da Ancestry sun ɗauki hotunansu sun yi musu fihirisa, ana nema da suna. Amma a yi hattara da abu biyu. Jiragen da ke ƙarƙashin ikon soja ba koyaushe jerinsu yake shiga wannan rukuni ba, saboda haka rashin ganin suna ba hujja ba ne cewa mutum bai yi tafiyar ba. Sannan wanda ya kwafe sunan zuwa kwamfuta mutum ne, yana iya karanta harafi a karkace. Mu mun ci karo da mata biyu masu suna iri ɗaya, shekaru kusan ɗaya, dukansu sun nufi Kanada a 1946, ɗaya daga Liverpool, ɗaya daga Southampton. Adireshin Brighton ne ya raba gardama. Tamu ita ce ta Southampton, da jariri a layin da ke ƙasan nata, kuma a saman shafin an rubuta sunan jirgi: Aquitania.

Na ɗauki lokaci a kan wannan shafi fiye da yadda aikin makarantar yarinya yake buƙata. Layi bayan layi mata ne, 'yan shekara ashirin da 'yan kai, tsakaninsu yara masu watanni ko shekara ɗaya ko biyu. A gurbin sana'a kuwa kalma ɗaya ce take maimaita kanta daga sama har ƙasa: matar gida. Alhali tun Disamban 1941 Birtaniya ta wajabta wa mata marasa aure 'yan shekara 20 zuwa 30 aikin yaƙi. Waɗannan su ne suka cika harsashi a masana'antu, suka yi noma a gonakin da maza suka bari, suka tuƙa motoci, suka yi jinya, suka haska fitilun neman jiragen sama da dare. Takardar auren kakar surukata ta nuna tana aiki a masana'anta. Shekara biyu bayan haka, a bakin jirgi, duk wannan ya shafe. A idon masu lissafi ita kayan wani soja ce da ake aika masa, kuma ta hanyar lambarsa ake gane ta.

A ɓangaren Kanada al'amarin ya fi tsauri. Jerin fasinjojin da suka sauka a ƙasar a buɗe yake ga kowa har zuwa 1935 kawai. Daga 1936 bayanan suna hannun ma'aikatar shige da fice, sai an rubuta takardar nema, a cika sharuɗɗa, a jira. Abin da ke taimako shi ne takardun wani ofishi da aka buɗe a Landan cikin Agustan 1944, mai suna Canadian Wives Bureau, wato ofishin kula da matan sojojin Kanada. Shi ne ya yi rajistar amaren, ya tsara gwajin lafiyarsu, ya ba su takardar tafiya, ya raba su a jirage, ya kuma kafa musu ƙungiyoyi inda ake koya musu yadda kuɗin Kanada yake da yadda ake shiga sanyinta. Takardunsa suna ma'adanar tarihin Kanada da ke Ottawa. Gwamnatin ce ta biya kuɗin jirgin ruwa da na ƙasa. Tikitin kuwa na zuwa ne kawai.

Kusan dukkansu a wuri ɗaya suka taka ƙasar: mashigar Pier 21 a Halifaks, wadda ta karɓi baƙi kusan miliyan ɗaya tsakanin 1928 da 1971, yanzu kuma ta zama gidan tarihin ƙaura na ƙasar, da sashen da ke taimaka wa masu neman asalinsu. Jirgin farko na wannan babban kwaso, Mauretania, ya sauka a can cikin Fabrairun 1946. Bayansa Aquitania da Queen Mary da Letitia da Scythia da Lady Rodney da wasu suka riƙa kai da kawo.

Abin da ya faru tsakanin tashi da sauka babu shi a jeri. Wannan sai a bakin matan, kuma sa'ar da jikokinsu suka yi ita ce an ɗauki muryoyin da yawa daga cikinsu kafin su ƙare. Labaran suna kama da juna ta yadda mutum zai iya amincewa da su. Jiragen ba su gama komawa na fasinja ba, gadajen sojoji ne hawa hawa. An ɗaura igiyoyi ko'ina ana shanya tsumman jarirai. Tekun Atlantika ta arewa ba ta da sauƙi, musamman da hunturu, jiri da amai suka kwantar da iyaye, ma'aikatan Red Cross da waɗanda kansu bai juya ba suka riƙa karɓar yara. Waɗanda suka iya zama a teburi kuwa sun ga abin da suka shekara shida ba su gani ba: farin burodi, man shanu ba awo, 'ya'yan itatuwa, nama. Wasu sun ci har ciki ya ɓaci. Tafiyar kusan mako guda ce. A ɓangaren Amurka an yi asarar rayuka: a watan Mayun 1946 gudawa ta ɓarke a jirgin Zebulon B. Vance da ya taso daga Faransa, jarirai suka mutu, har hukuma ta tsaurara ƙa'idar ɗaukar ƙananan jarirai da masu tsohon ciki.

Daga Halifaks sai jirgin ƙasa na musamman. Ana buga wa miji waya cewa matarsa na tafe. Jirgin yana tsayawa gari gari yana sauke su, sauran suna leƙe ta taga su ga irin mijin da kowacce ta samu. Da yawa ba su gane mazajensu nan take ba, domin ba su taɓa ganinsu ba sai cikin kaki. Kakar surukata ta yi kwanaki a wannan jirgi kafin ta kai lardin Saskatchewan. A wata ƙaramar jaridar yankin muka sami layi uku da ke sanar da isowarta tare da ɗanta, da cewa matan coci za su shirya mata liyafar kyaututtuka. An kira ta da sunan mijinta gaba ɗaya, har sunansa na yanka, an sa "uwargida" a gaba. Ita wadda ta tashi a garin bakin teku mai fitilu da silima, ta sauka a gona mara lantarki, ruwa a rijiya, makewayi a waje cikin ƙanƙara, maƙwabci mafi kusa sai an yi tafiya.

A nan ne tunanina na Bahaushe ya tsaya cak. Ina wannan yarinya za ta yi yaji? Wa zai zo ya zaunar da miji ya ce masa ka ji tsoron Allah? Uwarta wasiƙa ce mai makonni a hanya. Akwai waɗanda suka tarar da mazan kirki da surukai masu karamci, kuma su ne mafiya yawa a cikin labaran. Akwai waɗanda suka tarar da mijin da yaƙi ya taɓa masa hankali, ko mashayi, ko wanda ya yi ƙaryar dukiya, ko uwar miji da ta riga ta zaɓa wa ɗanta wata. Akwai ma waɗanda suka sauka babu wanda ya zo tarbarsu. Wasu sun tara kuɗi sun koma. Galibi sun zauna. Mukan yabi matanmu da haƙuri, amma haƙurin da ke da ƙofar fita a bayansa daban yake da wanda teku ta rufe.

Jerin fasinja yana kuma da waɗanda bai ɗauka ba. Soja ba ya aure sai da izinin kwamandansa. Baƙaƙen sojojin Amurka da suka nemi auren Turawan Ingila kusan kullum hana su aka yi, a lokacin da jihohi 30 cikin 48 na ƙasarsu suke da dokar haramta aure tsakanin baƙi da fari. 'Yar tarihi Lucy Bland ta ƙiyasta yaran da aka haifa ta wannan hanya da kimanin 2,000, da yawansu kuma a gidajen marayu suka tashi. Dokar da majalisar Amurka ta yi ranar 28 ga Disamban 1945 don shigo da amaren yaƙi ba ta amfani iyayen waɗannan yara da komai ba, tunda ba a bar su sun zama amare ba. Jirgin Argentina da ya kai rukunin farko Niyok ranar 4 ga Fabrairun 1946 an tarbe shi da 'yan jarida da kaɗe-kaɗe. Su waɗancan ba su da jirgi, ba su da shafi.

Da muka cika reshen uwa, jikata ta juyo da takardar ta nuna ɗaya ɓangaren ta ce, "Kaka, naka fa?"

Mahaifina ma ya haye teku a wannan yaƙi. Yana cikin sojojin Gwalkwas da aka kai Bama, a runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma wadda ta tafi a 1944, bayan ta 81 da ta riga ta a 1943. Sunayen wuraren da suka yi yaƙi suna nan a jikin barikokinmu: Burma Camp a Ankara, barikin Myohaung a Takoradi. Hausa ce harshen bariki tun zamanin da ake kiran rundunar 'yan sandan Hausa. Amma a littafin soja ba a rubuta mutum da sunan ubansa ba sau da yawa, sai da sunan garinsu ko ƙabilarsu, kamar yadda tarihi ya riƙe Alhaji Grunshi, wanda ake cewa shi ya harba harsashin farko na ɓangaren Birtaniya a yaƙin 1914. Saboda haka masu suna ɗaya sun yi yawa, lambar soja ce kaɗai take rarrabe su. Littattafan da rundunoni suka riƙa rubuta abin da ya faru kullum a fagen Bama suna Kew, a rukunin WO 172. Suna ba da ranar tashi da ranar sauka, suna ambaton hafsoshi Turawa da sunayensu. Sauran mutane adadi ne.

Shi ke nan namijin da ya sa kaki. Uwargidansa, wadda muka tashi muna kira Iya, an kai ta ɗakinsa ba da daɗewa ba kafin a tafi da shi, ta zauna a gidan surukai a zangon Kumasi tana karɓar ɗan abin da ake yanka mata daga albashinsa, har ya dawo a 1946. Ita ma amaryar yaƙi ce, sai dai ita mijin ne teku ta ɗauke. Uwarta kuma daga ƙasar Hausa aka taho da ita ta hanyar fataken goro, ta Salaga, a ƙafa. Babu tashar da ta rubuta sunanta, babu jaridar da ta sanar da isowarta. Abin da muka sani game da ita a bakin gwaggona yake, wadda ta haura tamanin. A daren nan na kira ta a waya, na sa jikata ta danna maɓallin ɗaukar murya, muka yi awa biyu. Ta faɗi sunan garin da aka fito, da sunan madugun ayarin, da cewa tsohuwa har ta rasu ba ta cin kifin teku. Na rubuta har wannan na ƙarshen, saboda darasin bututu huɗu.

'Yan uwanmu na ƙasashen da Faransa ta mallaka suna da nasu babin da ya fi kusa da na Turawan. Sojojin Afirka ta Yamma da aka kai yaƙin Indochina tsakanin 1946 da 1954, wasunsu sun dawo da matan Biyetnam a jirgin ruwa. Zuriyarsu na nan a Dakar, kuma soyayyen nadin nan da ake kira nem, wanda ake sayarwa a titunan birnin, daga hannun waɗannan amare ya fito.

Abu ɗaya ya rage mini a kan kakar surukata, wanda babu ruwan makaranta da shi: ko ta taɓa zuwa ganin gida. Kew tana da rukuni na biyu, BT 26, na fasinjojin da suka shigo Birtaniya har zuwa 1960. Na nemi sunan aurenta a ciki shekara bayan shekara. Sau ɗaya ya fito, bayan fiye da shekara goma da tafiyarta, ita da ƙaramar 'yarta, wato mahaifiyar surukata, ba tare da miji ba. A gurbin inda za ta sauka ta ba da adireshin nan na Brighton, gidan da aka ƙidaya ta a 1939. Sai muka koma fihirisar mace-mace da sunan uwarta, wanda rajistar 1939 ta ba mu. Uwar ta rasu shekara biyu kafin wannan jirgi ya iso.